Mabuɗin Ɗakin Sama

Shekara goma sha tara ke nan
mabuɗin yana aljihun tsohon kwat ɗina.
Ranar tafiya na manta ban miƙa wa Zekiye ba,
sai da mota ta haye gadar ƙarfe
na ji shi yana sukar cinyata.
Na ce zan aiko. Ban aiko ba.

Sariyali bai kai a neme shi a taswira ba.
Titi ɗaya ne, ya bi bakin Baƙin Teku ya lanƙwashe ya dawo
kamar wanda ya fita sayen gishiri ya tuna bai ɗauko kuɗi ba.
Bayan titi sai tudu,
bisa tudu sai ganyen shayi, kore shar, layi a kan layi,
har inda gajimare ya sauko ya yi zamansa.

Ruwan sama a can ɗan gari ne.
Yakan kwana uku yana surutu a kan kwanon rufi,
babu mai ce masa ya isa.
Shanyar Zekiye takan yi mako a igiya
tana jiran rana kamar mai bin bashi.

Ni ne malamin lissafi na 'yan aji biyar,
yara ashirin da ɗaya,
rabi suna ƙarnin kifi, rabi yatsunsu sun rine da tsinkar ganye.
Idan jirage suka dawo da asuba sun yi nauyi,
aji ya zama kango,
ni ma sai in ajiye alli in bi su gaɓa.

Hulusi mai burodin masara
da gawayi yake rubuta bashi a jikin bango.
Duk Sallah ya shafe shi da farar ƙasa,
ya ce wai bangon ne ya yi datti.
Sunana ya hau can sau huɗu,
sau huɗu kuma ya sauka ban biya ko lira ɗaya ba.

Agogon shagon Nazmi wanzami yana baya da minti bakwai,
kuma shi gari duka ke bi.
Wani baƙo ya taɓa gyara masa.
Kwana biyu mutane suna rasa mota,
sai da Nazmi ya hau kujera ya mayar da lokaci inda muka san shi.

Kada in yi ƙarya, na sha kuka da garin.
Sanyi ya ci mini gwiwa, takalmina bai taɓa bushewa ba,
in na yi atishawa a sama, kafin azahar an san labari a kasuwa.
Na ƙirga kwanakin barinsa a bayan littafin rajista.
Ashe ana barin halak don kunya,
ana kuma barin daɗi don rashin sani.

Bara Fikriye ta aiko mini hoto,
wadda ba ta iya sau bakwai ba, yanzu ita ke ba da magani a asibiti.
Babbar hanya ta bi ta bakin teku, fes, babu lanƙwasa.
Ta zana da'ira da jan biro a tsakiyar kwalta:
Malam, nan ne tagarka take.
A ƙasa ta ƙara layi guda, cewa Zekiye ta cika da hunturu.

Yanzu ina hawa na tara a birnin da bai san sunana ba.
Ana ruwa yau, amma rufin siminti kurma ne,
sai dai in gani a gilashi.
Na ɗauko mabuɗin, ya yi tsatsa a haƙora.
Matata ta ce in jefar, me zai buɗe?
Na ce mata bashi ne,
kuma mai farar ƙasar ba ya kusa.